Ɗingishin Kofur Sayibu

A unguwar Nima, in ka bi lungun da ke bayan kasuwa ka ji wani yana ɗaga murya kamar mai ba bataliya umarni alhali shayi kawai yake nema, to ka iso teburin Osman mai shayi, mai muryar kuma Kofur Sayibu ne. Tsohon soja ne, wannan ba ƙarya. Ya je Lebanon, ya je Laberiya, duk aikin kiyaye zaman lafiya. Abin da ba ya faɗa shi ne duk inda aka je a kicin ake ajiye shi, kuma babban raunin da ya dawo da shi tabon miyar gyaɗa ne da ta fantsamo masa a hannu. Amma a bakinsa, da ba don ƙafafunsa ba da rundunar nan ba ta tsinana komai ba.

"Ku dubi ƙafar nan," in ji shi wata safiya, ya ɗora ta bisa tebur. "Ƙarfe ce. A Lebanon na buga ta ƙasa wurin fareti, gilashin tagar Kwamanda ya tsage. Turawa suka fito da na'ura suna neman inda aka yi girgizar ƙasa."

"Kofur, sauke ƙarfen daga kan burodina," in ji Osman.

Ana cikin haka sai ga Saje Abdul-Mumin tafe a hankali, yana taka ƙasa kamar mai tafiya kan ƙaya. Tare suka yi soja da Sayibu, sai dai shi daji ya shiga, ya yi watanni cikin fadamar Laberiya da jiƙaƙƙen takalmi, tun daga lokacin tafin ƙafarsa bai sake barinsa ya yi tafiyar kirki ba. Mutum ne marar yawan magana. Ya zauna, ya karɓi shayinsa, sannan ya ce a wurin taron tsofaffin sojoji an sanar cewa kwamitin likitoci zai zo Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da su, ya duba ƙafafun mutane. Duk wanda aka tabbatar aikin soja ne ya lalata masa ƙafa, za a ba shi diyya.

Ƙafar Sayibu tana sama har yanzu.

"Diyya? Ta ƙafa?"

"Ta ƙafa."

Sayibu ya kama ƙafar da hannu biyu, ya sauke ta ƙasa sannu a hankali kamar mai sauke kwandon ƙwai. Tana taɓa ƙasa ya ce, "Wash!"

"A'a," in ji Osman. "Yanzu fa ka ce ƙarfe ce."

"Ƙarfen ne ya yi tsatsa. Kai ka san ruwan Laberiya? Shekara da shekaru ina ɓoye ciwon nan don kada hankalin unguwa ya tashi."

Kafin shayinsa ya huce ya gama rabon diyyar. Matarsa Azara, mai sayar da koko a bakin lungu, za ta sami firiza mai ƙofa biyu. Teburin Osman za a yi masa rumfar kwano. Sannan ya juya kan Abdul-Mumin ya dube shi sama da ƙasa cikin tausayi.

"Kai kuma, Saje, ka gode wa Allah da ya haɗa ka da ni. Ɗingishinka ba shi da fasali. Kana yinsa kamar farar hula. In ka je gaban likitoci da wannan, ko ruwan sanyi ba za su ba ka ba. Ni zan horar da kai."

"Nawa fa da gaske yake yi mini ciwo."

"Shi ya sa bai yi kyau ba. Ba ka sa basira a ciki."

Da ya tashi tafiya gida, jan ƙafar hagu yake yi, yana karkata kafaɗa, yana cije leɓe. Mai kayan miya ta ce masa sannu, mai gyaran waya ya ce masa sannu, ya amsa musu da ɗaga hannu irin na jarumin da ba ya son a yi masa kuka. Azara na tsakar gida tana tace gasara. Ta kalle shi tun daga ƙofa har ya zauna, ya ba ta labarin firiza.

"Allah ya kawo," ta ce.

Washegari ya fito daga ɗaki yana jan ƙafar dama.

"Maigida, jiya ba hagu ba ce?"

Ya tsaya cak, ya dubi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya.

"Ke ba ki san ciwon soja ba. Canjin gadi yake yi. Hagu ta kwana tana aiki, yanzu dama ta karɓa."

"To ka gaya musu su riƙa sanar da ni, don in san wadda zan yi wa sannu."

Maganar ta tsaya masa a rai. Soja ba ya barin abu ga ƙwaƙwalwa kawai, dole a yi tsari. Ya samo tsakuwa mai tsini ya jefa cikin takalmin hagu. Dabara ta yi. Duk taku sai tsakuwar ta tuna masa, har wani hawaye na gaske ya fara taruwa a idonsa. Da azahar ya ɗauki hanyar masallacin lungu, ya kwashe lokaci mai tsawo kafin ya isa, jama'a na buɗe masa hanya. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Daidai nan aka ta da iƙama, ya hango gurbi a sahun farko daidai ƙarƙashin fanka, kuma ga wani tela ya nufi wurin. Sayibu ya tsallake mutum, ya kauce wa ginshiƙi, ya riga telan.

Bayan an sallame, Osman ya matso ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kofur, masallacin nan akwai albarka. A ƙofa ka shigo gurgu, a sahu ka isa barewa."

"Sha'anin ibada daban ne," in ji Sayibu. "Soja in ya ji kiran Ubangijinsa ba ya jin ciwo."

Ya sa takalmi, ya taka tsakuwar da ƙarfi ba shiri, ya yi ƙara har liman ya leƙo.

Azara ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ga shi tun da ciwon ya zo maigidan ya daina ɗauko mata jarkar ruwa daga famfo, ya daina kai mata bokitin koko bakin lungu. Sai ta aika aka kira Iya Amama. Tsohuwa ce mai sayar da man kaɗe da sauyoyi a kasuwar Nima, kuma a tarihinta ba ta taɓa cin karo da ciwon da ta ce ya fi ƙarfinta ba. Ta shigo da tukunyar ƙasa a hannu, matan gida suka biyo ta kallo.

"Wace ƙafar ce, ɗana?"

Sayibu ya saci kallon takalmansa. "Hagu, Iya. Amma kada ki wahalar da kanki. Likitocin Turawa sun gwada sun kasa."

"Turawa ba su da citta irin tawa. Miƙo."

Ta kama ƙafar ta matse ta tsakanin gwiwoyinta. Ta kwaso haɗin nan, man kaɗe da citta da masoro da jan barkono da wani abu baƙi da ta ce sirrin kakarta ne, ta shafe ƙafar tun daga yatsu har idon sawu, ta cusa tsakanin yatsu, ta naɗe da ganye ta ɗaure da tsumma.

"Zai ɗan yi ɗumi. Ka iya jurewa?"

Sayibu ya yi dariya, ya dubi matan. "Iya, ni da na taka garwashi a Laberiya ban sani ba sai da na ji ƙauri?"

Da farko ɗumin ne. Ya ci gaba da ba su labarin garwashin. Can sai labarin ya fara tsinkewa a tsakiya. Gumi ya keto masa. Tsakuwar nan ta riga ta yi masa ƙananan ƙujewa a tafin ƙafa, barkonon Amama kuwa ya gano su ɗaya bayan ɗaya.

"Maigida, ƙarasa mana. Ka ji ƙauri, sai me?" in ji Azara.

"Sai... sai na... Iya, wannan sirrin kakar taki, ita ta rayu bayan ta shafa?"

"Zauna lafiya. Yanzu ya fara aiki."

Bai zauna ba. Ya zabura ya tsallake turmi, ya zagaya igiyar shanya, ya nufi randa ya tarar ba ruwa, don wanda ya saba cika ta ya kwana biyu yana jinya. Abu mai sanyi ɗaya ne a gidan, babbar robar gasarar Azara ta kokon gobe. Ya zurma ƙafar ciki har gwiwa, ya lumshe ido.

Azara ta ɗora hannu a ka. Amama kuwa ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

"Kun gani da idonku! Gurgu ya tashi! Har tsalle ya yi!"

Kafin la'asar labari ya kai Mamobi cewa maganin Amama ya sa tsohon soja gudu. Washegari mutane suka yi layi a rumfarta, a bakin lungu kuma masu zuwa sayen koko suka tarar ba koko, kuma kowa ya san dalili. Sai da Sayibu ya bi teburin shayi da shagon aski yana bayani cewa ba gudu ya yi ba, jijiya ce ta harba, kuma yanzu ciwon ya dawo ya ninka, har ya kama ɗaya ƙafar.

Tunda ƙafa biyu ce, ana buƙatar sandunan guragu. Ya ce na asibiti na mata ne da yara. Ya shiga turoturo, ƙaramar motar haya, har Abosokai, wurin masu kayan mota, ya sa wani mai walda ya haɗa masa nasa da bututun ƙarfe. Ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma kowace ta kai nauyin taɓarya uku. In yana tafe da su, tun daga bakin titi ake jin ƙararsu, kwangaram, kwangaram, awaki na watsewa.

Da su ya je horar da Abdul-Mumin a ƙofar gidansa.

"Mu fara da nishi. Yi in ji."

"Sayibu, ni ba na nishi."

"To yau za ka fara. Daga ciki ake ɗauko shi, kamar na bijimin sa. Hmmmm. Kuma in likita ya miƙo hannu, kada ka jira ya taɓa. Yi ƙara tun yana hanya."

"In ya tambaye ni ina ke ciwo fa?"

"Ka ce ko'ina."

"Dunduniya ce da tafin ƙafa kawai."

"Saje, da wannan rowar taka za ka mutu ba ka ga diyya ba. Ka dai riƙa kallona ranar. In na ɗaga gira, nishi. In na yi tari, faɗi ƙasa."

Abdul-Mumin ya dube shi ya daɗe. Shi ba firiza yake nema ba. So yake ya sami abin sayen takalmin da likita ya taɓa ce masa zai rage masa azaba, ya kuma daina tsayuwar gadin shago da ke ƙarasa masa ƙafa. Ya ce, "Don Allah ranar ka bar ni da ciwona." Sayibu ya ɗauka kunya ce irin ta ɗalibi, ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, yana bayansa.

Ranar kwamiti ta zo. A harabar wani zauren taro a Mamobi aka kafa rumfa, tsofaffin sojoji suka cika bencuna, likitoci suka sa teburinsu a baranda inda kowa ke gani. Abdul-Mumin ya zo da wuri shi kaɗai ya zauna a layi.

Sayibu kuwa ya ce gurgu irinsa ba ya zuwa da ƙafa. Ya ɗauko Hakim mai aboboya, babur mai ƙafa uku da ake ɗaukar kaya da shi, aka shimfiɗa katifa a baya. Ya sa tsohon kakinsa wanda maɓallan ciki suka ƙi haɗuwa, ya jera lambobin girma a ƙirji, ya naɗe ƙafafu biyu da bandeji har gwiwa suka zama kamar ƙullin dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa da ganye. Ya kwanta, sanduna a gefe. Azara ta bi a ƙafa ita da maƙwabciyarta Fuseina, ta ce ba za a ba ta labari ba. Osman ya rufe tebur ya biyo. Amama ta biyo da tukunyarta ko za a sami ciniki. Kafin a tsallaka titi zuwa Mamobi, ayarin ya kai na rakiyar amarya.

"Hakim, a hankali! Kana ɗauke da dukiyar ƙasa!"

"Kofur, jiya doya na ɗauka, ba ta yi mini wannan surutun ba."

Aka sauke shi da katifarsa gaban rumfa, maza huɗu na nishi. Ya ɗaga hannu ya sara wa jama'a daga kwance.

Shugabar likitocin mace ce, Manjo Mariatu, doguwa mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya. Aka kira Abdul-Mumin. Ya hau baranda a hankali, ya zauna ya tuɓe takalmi. Likita ta miƙa hannu. Sayibu ya ɗaga gira. Abdul-Mumin ya kau da kai. Sayibu ya ɗaga gira biyu. Shiru. Sai ya yi tari, ya sake tari, har ya gaji ya ƙwala kira.

"Saje! Nishi! Yadda na koya maka!"

Harabar ta yi tsit. Manjo Mariatu ta janye hannunta, ta cire tabarau.

"Saje, wane ne wancan?"

"Abokina ne, Madam."

"Koya maka ya yi? Ka san abin da ake yi wa wanda ya zo yaudarar kwamiti? Cire sunansa ake yi gaba ɗaya."

Azara ta sunkuya kan katifa ta ce wa mijinta cikin haƙora, "In bawan Allahn nan ya rasa saboda kai, a kan katifar nan za ka ƙare rayuwarka, a waje."

"Madam," in ji Abdul-Mumin a ƙarshe, "ni ban iya magana ba. Ga ƙafar nan, ki tambaye ta."

Ta dube shi, ta mai da tabarau, ta ɗauki ƙafar. Ta daɗe tana dannawa, tana lanƙwasa yatsu, tana duba tsofaffin tabo. Ta sa shi ya taka zuwa bakin baranda ya dawo. Bai yi nishi ko ɗaya ba, sai dai inda ta danna dunduniya ya runtse ido. Ta yi magana da abokan aikinta ƙasa-ƙasa, sannan ta ce, "Ka daɗe kana haƙuri, Saje. An amince da naka. Je ka zauna."

"Horona ne!" in ji Sayibu ga na kusa da shi.

"Kawo mini malamin," in ji Manjo.

Aka ɗauko shi aka ɗora kan kujera. Warware bandejin kaɗai ya ci lokaci, ma'aikacin jinya na ja, bandeji na taruwa a ƙasa kamar an zo auna yadi. Da aka kai ƙarshe sai ga ƙafafu biyu sumul, suna sheƙi da man kaɗe, suna ƙamshin citta.

"Aikina ne wannan," in ji Amama daga cikin jama'a. "Rumfata na bayan masu tumatir."

Manjo ta miƙa hannu. Tun tana nesa Sayibu ya kurma ihu.

"Ban taɓa ba tukuna, Kofur. Biro zan ɗauka."

"Iskar hannunki ce, Madam."

"Ina ke ciwo?"

"Ko'ina."

"Me ya jawo shi?"

Nan fa aka zo inda ya fi ƙwarewa. Ya gyara zama. Ya ce fareti ne da tafiyar daji. Ya ce shi ake sawa gaba a kowane fareti don sauran su kwaikwayi takunsa. Ya ce ya taɓa ɗaukar babbar bindiga a ka ya ratsa fadama da ita, kada na bin sa a baya.

Sai wata murya mai kauri ta taso daga bencin baya.

"Kai! Wannan ba Sayibu mai ludayi ba ne?"

Wani dattijo ne ya miƙe, fari fat da furfura amma a miƙe kamar turken wuta, da sandar gora a hammata. Samanja Husseini ne, wanda ya horar da su Sayibu tun suna kurata, ya zo daga Adabaraka a duba masa gwiwa.

"Shi ne mana! Madam, wannan wane fareti? Wannan bai san hagu da dama ba. In na ce hagu, sai ya taka ƙafar na kusa da shi. Don a tsira da yatsun bataliya muka tura shi kicin. Miyarsa dai ba laifi."

Dariya ta ɓarke a rumfar. Tsofaffin sojoji na buga sanduna a ƙasa. Osman ya riƙe ciki. Sayibu ya duba ya ga duk lungunsu na nan, duk waɗanda ya shekara yana ba labarin gilashin Kwamanda.

"Samanja, da girmanka. Ni ne ban iya fareti ba?"

"Ko agwagwa ta fi ka."

"Ni?"

"Kai."

"Maigida," in ji Azara, "ka tuna fa kai gurgu ne."

Bai ji ta ba. Ya riga ya miƙe. Ya diro daga baranda ba takalmi, ya ƙame a tsakiyar fili, ƙirji a gaba, ciki a gaban ƙirji.

"Ba da umarni, Samanja! Yau za a san wanda ya yi soja!"

Samanja Husseini bai taɓa ƙin irin wannan gayyata ba. Ya cika huhu ya daka tsawa, Sayibu ya ɗauka. Lef, rai, lef, rai! Hannu na kaiwa kafaɗa, gwiwa na kaiwa ciki, lambobi na kaɗawa. Ya kai bangon harabar, aka ce abautan, ya juya kamar an murɗa shi, ya dawo. Abin mamaki, ya iya. Jama'a suka ɗauki tafi daidai da takunsa. Wani maɓalli ya tsinke ya yi sama, bai kula ba. Ya zagaya rumfa, ya wuce gaban teburin likitoci ya juya kai ya sara musu, Manjo Mariatu ta amsa da biro.

"Hol!" in ji Samanja, wato a tsaya.

Sayibu ya ɗaga ƙafar dama har sama, don ya nuna musu bugun da ya tsaga gilashi, ya sauke ta da dukan ƙarfinsa. Sandar ƙarfensa ta Abosokai na kwance a wurin.

Ƙarar da aka ji biyu ce, ta ƙarfe da ta Kofur. Ya riƙe ƙafa yana tsalle da ɗaya, ya faɗi kan katifa yana birgima yana kiran sunan uwarsa. Jama'a suka ƙara tafi.

"Kai, wannan ya fi na ɗazu!" in ji Osman. "Abokina, da haka ka fara ai da ka ci!"

"Da gaske ne! Wallahi da gaske ne!"

Manjo ta sauko ta duba. Babban yatsan ya riga ya kumbura ya yi kamar gauta.

"Wannan kam ya tsage," ta ce.

Sayibu ya daina birgima nan take. Ya ɗago kai, ido na hawaye amma yana ƙyalli.

"Madam, a rubuta! Rauni a bakin aiki! Cikin kaki nake, a filin fareti, ƙarƙashin umarnin Samanja, gaban manyan hafsoshi. Ga shaidu sun cika rumfa!"

"Kofur, ka yi ritaya tun ina makarantar firamare."

"Soja ba ya ritaya a zuciya!"

"To zuciyar ta biya ka. Abin da kwamiti ya gani shi ne ƙafafun da suka fi na kowa lafiya a harabar nan, har zuwa lokacin da mai su ya ga dama." Ta juya ga ma'aikacin jinya. "Ɗaure masa yatsan. Bandeji kam ya zo da nasa."

Da aka tashi komawa, Hakim ya ce aboboyarsa ta wanda ya ci jarrabawa ce, ya ɗora Abdul-Mumin kan katifar. Abdul-Mumin ɗin ne ma ya matsa ya ce a bar Sayibu ya raɓa a gefe. Aka kama hanyar Nima a hankali saboda cunkoso, jama'a na biye, masu shaguna na fitowa suna tambayar yadda aka yi, Osman na ba su labari tun bai gama dariya ba.

Sayibu ya yi shiru har aka tsallaka titi. Wannan shi ne shiru mafi tsawo da aka taɓa ji daga gare shi. Sannan ya gyara zama, ya share gumi.

"Saje, ka san kuskurena? Ƙafa ana ganinta. An ce kwamitin kunne na nan tafe. Ni kuwa tun Lebanon igwa ta kashe mini kunnuwa, ɓoyewa kawai nake yi."

"Sayibu, don Allah."

"Me ka ce? Ɗaga murya, ba na ji."

Osman ya matso ya yi masa ihu a kunne, Sayibu ya kaɗa kai. Hakim ya danna hon, ko gezau. Wani turoturo ya wuce da kiɗa kamar zai fasa titi, Sayibu na kallon sama abin tausayi.

Can baya, bayan masu tallan ruwa da mai tura baro, Azara na tafe da Fuseina. Ta karkata kai, ta rufe baki da gefen mayafi, ta yi raɗa.

"Ke Fuseina, amma Samanjan nan, duk da furfurarsa, har yanzu da kyansa."

Kofur Sayibu ya juyo daga kan aboboya kamar an tsikare shi.

"Wa ke da kyau?"